Darussa Tara na Amira

Gidajen Ma'aikata, Garki, Abuja
14 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Amira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Na iso Abuja makon jiya tare da rukuni na uku na ma'aikatarmu. An ba ni gida mai ɗaki biyu. Fentinsa bai gama bushewa ba, famfo kuma da safe kawai yake kawo ruwa. Ofis ya fi gidan rikicewa: akwatunan fayil sama da ɗari aka kwaso daga Legas a tirela, aka jibge su a baranda, wanda ya rubuta lambobinsu kuma bai iso ba tukuna. Ana so mu daidaita kafin Disamba, lokacin da sauran gwamnati za ta taso. Mahaifiyarki tana Zariya wurin 'yan uwanta har yanzu, likita ya ce kada a matsa mata da tafiya.

Dalilin rubutowata shi ne sakamakon gwajinku na farko a babbar sakandare, wanda makaranta ta aiko mini. Kemistiri talatin da ɗaya, Fiziks talatin da takwas. Ba zan ɓoye miki ba, ban saba ganin irin wannan maki a gidanmu ba. Darussa taran da aka zaɓa a wannan aji su ne za su bi ki har jarrabawar ƙarshe, su ne kuma jami'a za ta duba. Mai neman karatun likita ba a yi masa rangwame a waɗannan biyun.

Wata huɗu ke nan da Allah Ya karɓi ran yayanki Hanif. Ba na son tsawaita magana a kan haka. Abin da zan ce kawai shi ne littattafansa na sakandare suna nan, da bayanansa a gefen kowane shafi. Da su ya shiga karatun likita. Zan aiko miki da su idan direba zai bi ta Bwari.

Ki riƙa tashi da wuri, ki tambayi abin da ba ki gane ba. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Salisu


Makarantar 'Yan Mata, kusa da Bwari
19 ga Oktoba

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, da fatan ka fara sabawa da sabon gida. Mu ma famfonmu haka yake, sai dai namu ba ya ma zuwa da safen.

Na ji kunyar makin nan ƙwarai, ka yi haƙuri. Zan ƙara ƙoƙari. Ƙawata Juliet ta ce idan malamin Kemistiri yana magana fuskata tana komawa kamar ta wadda aka kai kasuwar da ba ta jin yarensu. Amma na fara zama a layin gaba, ina kuma kwafar komai, har abin da ban gane ba.

Littattafan Yaya Hanif sun iso. Ban buɗe su ba tukuna, na sa su a ƙasan akwati. Zan buɗe.

Baba, kana cin abinci kuwa? Na san idan Mama ba ta nan shayi kawai kake sha.

Wasiƙar da na aiko maka Legas a watan Yuli, na san ka riga ka ba ni amsarta, ba sake tayar da maganar nake yi ba. So nake kawai ka san na karɓa, ban kuma yi fushi ba.

Ka gaida Mama idan kun yi waya.

'Yarka mai biyayya,
Amira


Bwari
25 ga Oktoba

Ranka ya daɗe Oga Salisu,

Gaisuwa mai yawa, da ta'aziyyar ɗanka, ko da ta makara. Allah ya ba da haƙuri.

Sunana Timothy, ni ne malamin da ke kula da zaɓen darussa a makarantar 'yarka. Ni ɗan ƙauyen nan ne na bayan dutse, Hausata ta kasuwa ce, ka yi haƙuri da ita. Da gangan na ƙi Turanci. Wasiƙar Turanci sai an buga ta a ofis, a sa kwafi a fayil, kowa ya karanta. Wannan kuwa ba ta kowa ba ce.

Shekara uku ina koyar da Amira. Babu wadda ta taɓa wuce ta a Turanci da Tarihi, a muhawara kuma har malamai tsoron ta suke. Da na gan ta a ajin kimiyya na yi mamaki, amma na ce uba ya fi ni sanin 'yarsa.

Ranar Laraba ina jera fom ɗin ɗalibai sai idona ya faɗa kan ranar haihuwa a nata. Na kira ta. Na ce, "Amira, ashe shekara ashirin gare ki ban sani ba? Ko in fara ce miki Anti?" Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Na ɗaga takardar wajen hasken taga. A layin sunan ɗaliba an soke wani suna da biro sosai, an rubuta nata a sama da hannunta. Amma na ƙasan yana fitowa, da rubutunka yake. Hanif Salisu.

Ta ce, "Sa, don Allah kada ka gaya wa Baba. Bai san ya yi ba."

Na ce, "To ke fa?"

Ta ce, "Ni ai ina nan, Sa. Zan iya."

Oga, na yi kwana biyu ina tunanin ko in yi shiru kamar yadda ta roƙa. Na kasa. Dokar makaranta ita ce ana iya canza aji har ƙarshen mako na takwas, wato Juma'a sha biyar ga Nuwamba. Bayan nan an rufe, shekara uku ke nan. Kuma ba a canzawa da wasiƙa. Sai uba ya zo da kansa, ya tsaya gaban shugabar makaranta da kwamiti ya faɗi dalili.

Idan na shiga abin da ba nawa ba, ka yafe mini.

Naka,
Timothy


Garki, Abuja
3 ga Nuwamba

'Yata Amira,

Assalamu alaikum. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara. Ukun farko na yaga su, domin na lura a kowacce ina neman wa kaina uzuri.

Malam Timothy ya rubuto mini. Kada ki ga laifinsa, ya yi abin da ya kamata.

Zan gaya miki abin da ya faru bi da bi, don haka kawai na iya bayani. Bayan rasuwar Hanif takardun ta'aziyya sun yi ta zuwa ofishina na Legas. Na karanta goma na farko, na ga ba zan iya ci gaba ba kuma in yi aiki. Sai na umarci masinjana, Malam Ɗangoggo, duk ambulan da aka rubuta adireshinsa da hannu ya sa shi a kwali ɗaya. A kan kwalin na rubuta "A ajiye", kamar yadda muke rubutawa a kan fayil ɗin da ba mu shirya yanke masa hukunci ba. Da aka zo kwasar kaya, aka loda shi tare da fayilolin gwamnati.

Jiya Asabar ni da Ɗangoggo muka wuni a barandar ofis muna ɗaga akwatuna. Da ya gan ni a tsugune cikin takardu sai ya ce, "Oga, shekara goma sha biyu ina bin ka, yau na fara sanin gwiwarka tana lanƙwasuwa." Wajen la'asar muka samu kwalin. Wasiƙarki tana tsakiya, ba a buɗe ta ba.

Na karanta ta a tsaye. Kin ce kina son karatun lauya. Kin ba ni labarin takardar da aka kai wa mahaifin Juliet a kan gonarsa, wadda duk ƙauyensu aka rasa mai fassara ta, ke ma kika karanta sau uku ba ki gane ba, abin ya tsaya miki a rai. Kin jera Adabin Turanci, Tarihi da darasin Gwamnati, kin ce har kin tambayi abin da jami'a take bukata. Sannan kika rufe da cewa: "Idan ba ka yarda ba, ba sai ka yi magana ba Baba, zan gane daga fom ɗin."

Amira, fom ɗin ba amsa ba ne. Ban ƙi ba, ban kuma yarda ba, domin ban san kin tambaya ba. Na cike shi ne a tsakanin taro biyu, cikin mintin da bai kai biyar ba. Shekara shida da suka wuce na cike irinsa wa yayanki, muna zaune tare, yana faɗa ina rubutawa. Hannuna bai manta ba. Na tuna har daɗi na ji a ranar, cewa ga abu ɗaya da ya zo mini da sauƙi.

Aikina shi ne duba takardun mutane in mayar musu saboda kuskuren harafi ɗaya. Na sa ƙananan ma'aikata sun sake buga shafi goma saboda kwanan wata. Amma ban iya rubuta sunan 'yata a takardar da za ta yanke mata hanyar karatu ba, na kuma ɗora da yi miki faɗa a kan makin Kemistiri. Tun jiya na sake karanta wasiƙata ta Oktoba a kwafin da na ajiye. Ban san yadda kika iya amsa ta da tambayar ko ina cin abinci ba.

Zan zo gaban kwamiti ranar Talata, sha biyu ga wata. Ina neman gafararki.

Mahaifinki,
Salisu


Bwari
7 ga Nuwamba

Baba,

Salamu alaikum. Na karanta, na yi kuka, na daina. Babu abin da zan yafe, amma tunda ka nema, na yafe.

Don Allah kada ka zo. Ba ka san kwamitin nan ba. Mutum bakwai ne, har da Mista Solomon wakilin iyaye, wanda idan ya yi tambaya ana jin sa daga ɗakin girki. Za su fito da fom ɗin su miƙa wa juna. Kafin yamma duk makaranta ta ji cewa babban darakta daga Abuja ya manta sunan 'yarsa. Ba haka ba ne, amma haka za a faɗa.

Ni ma ina da nawa abin kunyar. A mota na buɗe ambulan ɗin fom ɗin ranar da za mu dawo daga hutu. Da na ga sunan, haushin Yaya Hanif na ji, Baba. Haushin wanda ya rasu. Na yi ta soke sunansa har takardar ta kusa hujewa. Daga baya na ga abin da na yi, na ce to zaman ajin kimiyya shi ne daidai da ni.

A gwaji na biyu na samu arba'in da huɗu. Ka ga ina hawa. Bangon ajinmu ɗaya da ajin adabi, idan suna darasi ina jin rabi, ya ishe ni.

Ka bar shi haka. Da gaske nake.

'Yarka,
Amira


Garki, Abuja
12 ga Nuwamba

'Yata Amira,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta same ni jiya, na karanta ta a ranar da ta iso. Duk da haka yau na je gaban kwamitin. Kuna aji, ban bari a kira ki ba.

Sun miƙa wa juna fom ɗin kamar yadda kika ce. Mista Solomon ya tambaye ni ko sakatariyata ce ta cike. Na ce a'a, ni ne. Ya tambayi wane ne Hanif. Na gaya musu. Wannan ne karo na farko da na faɗi sunansa da bakina a gaban mutane tun watan Yuni, kuma ban kai ƙarshen jimlar a tsaye ba. Shugabarku ta sa aka kawo mini kujera da ruwa.

Sun amince. Sun ba ni sabon fom, yana cikin wannan ambulan, Malam Timothy zai kawo miki. Na sa hannu a ƙasa, ban cike komai ba. Shekara ashirin da uku ina aikin gwamnati, ban taɓa sa hannu a takardar da babu rubutu a kanta ba sai yau.

Idan lauya ne, to. Idan kin ga za ki zauna inda kike, ki tabbata don kanki ne, ba don ni ko don shi ba. Ranar Juma'a ƙarfe biyu ake rufewa.

Kada ki nuna mini kafin ki miƙa.

Allah Ya yi miki albarka.

Babanki