Hular Labaran ta Juma'a

Maigida,

Na wuce ofis. Ban tashe ka ba don na ga gajiyar hanyar Kano ba ta sake ka ba. Kokonka na cikin fulas.

Labaran lafiya lau, har ya tafi makaranta. Tun ciwon kan nan na ɓari ɗaya da ya sa shi amai makon jiya, bai sake ba, alhamdulillahi.

Ka tuna likita ta ce in riƙa sa alama a kalanda duk ranar da ciwon ya tashi? Jiya na kai mata. Alama bakwai, shida duk ranar Juma'a, ta bakwai ɗin ranar Sallah. Da ta lallaɓa shi, sai ya ce turaren da kake zuba masa a hula ne ke hawa masa kai. Wai ya yi shiru ne don kada ka daina tafiya da shi masallaci.

Na wanke hular, tana kan igiya. Don Allah yau kada ka sa masa ko ɗigo. Ka dai riƙe masa hannu yadda ka saba, dama abin da yake so ke nan.

Rahmatu