Jajayen 'Ya'ya a Kan Kabarin Inna

Yaya Farruja,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Akli da yara, kuma gwiwar nan ta sassauta miki. Ni ina nan a birnin Lil, a ƙasar waje, bayana ya ƙare a ɗaukar tukwanen shuka, amma da sauran numfashi.

Hoton da kika aiko ya iso. Na ga itacen igersel ɗin da Inna ta dasa da hannunta inda ta ce a binne ta, gajere kamar kullum, ganyen nan masu ƙaya suna sheƙi, ga jajayen 'ya'ya har reshe ya sunkuya. Sai da na nemi wuri na zauna.

Damuna biyu bai yi ɗa ko ɗaya ba, kin kuma san abin da matan ƙauye suka yi ta faɗa a bakin rijiya: wai Inna ce ke fushi da ɗan da bai zo jana'izarta ba. Babu wadda ta tambaya ko takarduna na zama a nan za su bar ni in dawo in na fita. Ban gaya miki ba, amma ni ma na fara yarda da su. Abinci ya daina shiga.

Wani tsoho ɗan Fotugal da muke aiki tare, Abiliyo, shi ya ji labarin ya yi ta dariya, wai shekara tara ina cikin shuke-shuke amma kaina kamar tukunyar da aka manta a zuba wa ƙasa. Ya ce bishiyar nan akwai mace akwai namiji, macen ba ta haihuwa sai da namiji kusa, ya ce in tambaya ko an sare wani a kusa. Ashe Akli ne ya sare namijin da ke jikin katangar maƙabarta, wai bai taɓa ba da komai ba sai tsaga wando. Na ji haushinsa, amma shi ne ya haura dajin Akfadu ya tono wani namijin ya dasa, alhali ni ina nan ina rubuta wasiƙa. Ki ce masa na gode.

A ba itatuwan biyu ruwa da rani, a tara musu busassun ganye a gindi, a hana awaki. Matan kuwa kada ki yi musu bayani, ki dai bi da su ta wurin ranar Juma'a.

Ki gaishe da Kawu Lunis da Tasadit da yara. In kin je kabarin, ki gaya wa Inna yau na ci kuskus har na ƙara.

Ƙaninki,
Bel'id