Mijina Baƙo Ne a Ƙasar 'Ya'yansa

Zuwa ga Hajiya, shugabar tawagar da ke wakiltar Nijeriya a tarukan mata na duniya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin dawo lafiya, ranki ya daɗe, na kalli jawabinki a talabijin, inda kika shaida wa ƙasashe cewa daidaita haƙƙin mace da namiji yana cikin abin da Nijeriya ke karewa a waje. Ni malamar firamare ce a Karu, kuma ina da ƙorafi.

Na ɗaya. Mijina Usman ɗan Sudan ne. Karatu ya kawo shi, muka yi aure, yanzu yana sayar da magani a Wuse. 'Ya'yanmu a nan aka yanke musu cibiya. Yayana Sani kuwa 'yar Kamaru ya aura, kuma albarkacin aurensa ta yi rajista ta zama 'yar ƙasa. Da na je neman haka wa Usman, ma'aikacin ya gaya mini cikin ladabi cewa matar ɗan Nijeriya kaɗai doka ta ambata, ba ta san da mijin 'yar Nijeriya ba. Sai dai ya bi doguwar hanyar da kowane baƙo ke bi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Sani.

Na biyu. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu, mahaifiyarsa ta yi gudun hijira zuwa Chadi, ciwo ya kwantar da ita a can. Fasfonsa ya ƙare, sabuntawa ta gagara, na Nijeriya kuma ba shi da shi. Ta yi ta cigiyarsa a waya har ta cika. A falonmu ya karɓi gaisuwa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma bai ɗora wa ƙasata laifi ko da kalma ɗaya ba. Ni ce na kasa haɗa ido da shi.

Roƙona, Hajiya, kafin ki sake hawa jirgi, ki kai maganar nan gaban 'yan majalisa da irin muryar da kika yi wa Turawa magana. A gyara wannan sashe na dokar zama ɗan ƙasa. Surukata ta riga ta tafi, amma irina suna da yawa.

Allah ya yi miki jagora, ya sa ki gama lafiya.

Wassalam.

Hajara, Karu, Abuja.