A Bar Tsoho Ya Yi Iya Yinsa

Yaya Deolinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Mama? An gama tsinkar zaitun a can gida Portugal?

Ni lafiya lau nake a nan Ålesund ta ƙasar Norway, kada ku damu. Kafaɗa ce kawai take ɗan yi mini tsiya da safe.

A masana'antar kifin da nake aiki an haɗa wa injinan lantarkinmu akwatunan da ke ƙara musu gudu da ragewa. Sabon inji yana jurewa. Tsoho kuwa, fizgar wutar akwatin tana cin rufin wayoyin cikinsa a hankali har ya ƙone. Akwai matatar wuta da ke kare shi, na roƙi shugabanmu Torbjørn ya saya. Ya dafa kafaɗar nan tawa yana dariya, ya ce, "Haba Amílcar! Wa ke kashe wa tsoho kuɗi? A bar shi ya yi iya yinsa, in ya ƙone mu sa sabo."

Na taya shi dariya, Yaya. Amma injin da yake magana a kai, na girme shi nesa ba kusa ba.

Ki aiko mini da man zafin Mama, kada ki ce nawa ne. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Amílcar