Fuskata Ba Ta Fito Ba

Daren Laraba, watan Rajab 1345, Damagaram

Yau mai hoton da Kawu ya yi wa magana ya zagaya da mu gari, ya tsayar da ni jikin wani ƙaton dutse. Gilashin ɗaukar hoto ɗaya ya rage masa. Ya shige baƙin ƙyallen akwatin hotonsa, ya ce, "'Yammata, dube ni, kar ki motsa."

Ni da ko Kawu ba na kallo cikin ido. Na sunkuyar da kai.

Da la'asar mutumin ya kawo hoton. Dutse ya fito, har awarwarona. Fuskata kuwa hayaƙi.

Kawu ya ce, "To, mutan Gumel, ga aljana mun ɗauko muku."

Tun Maigatari nake ƙissima yadda zan fito. Ban yi kuka ba. Gobe da asuba za mu koma Gumel.