Hannun da Ka Ƙi Miƙa wa Surukinka

Malam,

Bayan gaisuwa irin ta mai kewa. Na san ba za ka karanta wannan ba, wa zai kai saƙo maƙabartar Tafoki? Amma bakina ya cika, dole in sauke.

An girbe dawarka ta bakin rafi, ta yi kyau. Ƙanenka ya gyara rumbu. Akuyar nan mai ɓarna ta haifi biyu, har yanzu ba ta daina cin danga ba.

Ina jin haushinka, Malam. Ban taɓa faɗa maka ba kana raye, yau na faɗa. Tun da likita a Kankara ya ce hawan jini gare ka, ya ce a riƙa auna ka duk ranar kasuwa, me ya hana ka? Ɗakin shan magani na Faskari ba nisa. Sai dai mai awon mijin ɗiyarmu ne, kai kuwa ka ce ba ka naɗe hannun riga gaban suruki. Da aka ƙara wa ma'aikata albashi ya sayi babur, ya riƙa zuwa har ƙofar gida da abin awon a jaka. Kana jin ƙarar babur sai ka ɗauki fartanya ka bi ta bayan gida. Ni kuma in yi ta dariya, ina alfahari da kunyar mijina. Ashe ciwon ba ya sallama. Ka faɗi a kan kunyar gona kana daidai da lafiyayye, ba ka ƙara magana ba.

To ga labarin da ya sa na zauna rubutu. Kaina ya dame ni da ciwo, aka ce ni ma hawan jinin ne. Ranar kasuwar da ta wuce na tafi Faskari. Na ja mayafi na rufe fuska, na miƙa wa surukin naka hannu. Ya ɗaura abin nan yana matsa iska, sai na ji ɗigon hawayensa a damtsena. Abin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, Malam. Wannan ɗan abin ka guje wa?

Zan riƙa zuwa, jikokinka ƙanana ne. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, ni na yafe.

Matarka da ka bari,
Uwar 'ya'yanka.