Hannun Ɗinkin Buhu

Moursal, N'Djamena, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya jikin Malam Idris, ya gwiwar taki? 'Yarki Ilham lafiya lau. Ba ta da aiki sai asibiti da cinye min kilishi. Na ba direban Alhaji Gado wannan takarda ne saboda wayarki kullum tana hannun jikoki.

Yaya, Allah ya kawo min ranar da na daɗe ina jira. Asibitinmu ya fito da sabuwar doka: duk likitan da ke tiyatar kyamara, wadda ake huda ciki a zura dogayen ƙarafa ana kallon allo, sai an gwada ɗinkinsa, babba da yaro. Za a ba kowa akwatin gwaji da hanjin akuya, ya yi ɗinki biyar da ƙulli a cikin minti goma, a ɗauki bidiyo. Ba fuska, ba suna, sai lamba da bakin ƙarafa. Mutum biyu za su ba da maki a kan ashirin. Wanda ya kasa sha biyu, shekara biyu ba zai sake taɓa wannan tiyata ba. Ni ce ɗaya daga cikin masu ba da makin.

Kin san wa zai zauna gwajin? Dokta Hashimu! Wanda ya tsayar da ni a ɗakin tiyata shekara ashirin da suka wuce, gaban kowa, ya ce hannuna bai dace da ɗan Adam ba, in je kasuwa in ɗinka buhun gero. Ke kika share min hawaye ranar. Yanzu saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kin ga idan ya faɗi, kalas, ya gama ke nan. Na san Ilham na ƙaunarsa tun da a hannunsa ta koya, amma ni wallahi ban yafe ba.

Ki gaida mutanen Kano.

Ƙanwarki, Fiddausi


Moursal, 19 ga Maris

Yaya Hansai,

Salama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya ke da maigida. Daddawar ta iso, Allah ya saka da alheri.

Na kama shi! Bidiyo sha huɗu aka turo min, ina buɗe mai lamba tara na ce, to ga ka. Suna ganin sun ɓoye suna, sun manta cewa hannu ba ya ɓoyuwa. Hashimu yana da wata ɗabi'a: kafin ya soka allura sai ya dangwala bakinta sau biyu a kan nama, in zai ɗaure ƙulli na ƙarshe kuma sai ya girgiza zaren. Ni ma na ɗauko ta a wurinsa, shekara guda na yi ina yaƙi da hannuna kafin na rabu da ita, don ko ƙamshinsa ba na so a aikina. Mai lamba tara ya dangwala, ya girgiza, sak.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗinkin ba laifi. Allurar na shiga daidai, tazarar ta yi, ƙullin bai zame ba. A ɗinki na uku ne kawai hannun ya ɗan yi rawa, allura ta faɗi, ya ɓata kamar daƙiƙa ashirin yana lalube. Tsakani da Allah sha huɗu ya ci. Na ba shi shida. Na mayar da wurin rawar nan baya sau biyar ina kallo ina shan shayi, daɗi kamar ya kashe ni. A gurbin sharhi kuma na rubuta masa da Faransanci mai kyau cewa wannan hannu bai dace da ɗan Adam ba, mai shi ya je kasuwa ya ɗinka buhun gero. Ko harafi ɗaya ban canza masa ba.

Kada ki fara min wa'azi, na san abin da za ki ce. Shi da ya yi min, wa ya yi masa wa'azi? Ranar Litinin za a buɗe sunaye. Na riga na ɗinka sabuwar atamfa.

Taki, Fiddausi


Moursal, 25 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki karanta ke kaɗai.

Lamba tara ba Hashimu ba ne. Ilham ce.

Shekara huɗu tana tsaye a gefensa, ta kwashe dangwalen da girgizar duka, ni kuwa ban taɓa shiga tiyata tare da ita ba, saboda kada a ce ina fifita 'yar yayata. Ɗayan mai ba da makin ya ba ta sha biyar. Da aka haɗa da shidana aka raba, ta tashi da goma da rabi. An cire sunanta daga jerin. Shi kuwa Hashimu, lamba biyu ne nasa. Ashe ya daina dangwalen tun da aka canza ƙarafa bara. Da hannuna na ba shi sha takwas, har na rubuta cewa a riƙa nuna wa ɗalibai.

Ta dawo da la'asar ta durƙusa a gabana da takardar sakamakon, ko mayafi ba ta cire ba. Ba makin ya fi yi mata ciwo ba, sharhin ne. Ta karanta min shi sau uku, tana tambayata wane marar imani ne zai rubuta wa mutum haka, kuma ko gaskiya ne hannunta ba shi da kyau. Na ce mata masu ba da maki ma a ɓoye suke. Na kama hannun nata na riƙe.

Hashimu ya gani, don shi ta fara kai wa kuka. Bai ce da kowa komai ba. Jiya dai na tarar da ambulan a kan teburina, ba wasiƙa, ba suna, sai basilla sabuwa fil, irin ta ɗinkin buhu. Da muka haɗu a baranda ya gaishe ni da fara'a, har yana tambayar lafiyar gida.

Na san za ki ce in je in faɗi gaskiya a gyara mata. Na yi tunani, ba zan je ba. In na buɗe baki cewa na gane hannu na rama gayya, za a kore ni daga kwamitin, a rushe duk makin da na bayar, sunan da na yi shekara ashirin ina ginawa ya zama abin hira a motar haya. Ita yarinya ce, shekara biyu ba za ta kashe ta ba. Ni a shekaruna ba zan tashi ba. Ki kira ni duk sunan da kika ga dama, na riga na kira kaina.

Yanzu kullum bayan la'asar tana zama da akwatin gwaji a tsakar gida, ta roƙe ni in koya mata ɗinki daga farko, wai ni kaɗai ta yarda da ni. Ina koya mata. Hannun da bai yi rawa ba sai sau ɗaya, yanzu ko zare ba ya iya kamawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Juma'a za ta kira ki, ta ce ta kasa faɗa miki ne don kunya. Za ta karanta miki sharhin nan. Duk duniya mutum uku ne suka san wanda ya rubuta shi: ni, da Hashimu, kuma ke ce ta ukun. Ki ƙona wasiƙata ta biyu. Idan ta zo wurin buhun gero, Yaya, ki yi salati kamar yau kika fara ji.

Wassalam.

Ƙanwarki, Fiddausi